Abar Misali

'Yar ƙaramar ƙuna ce a wuyan hannunta, murfin tukunya ne ya yi mata. Mijinta ya karɓi abinci daga wannan hannun, idonsa na kan talabijin, bai gani ba. Washegari a asibiti, tana miƙa magani ta tagar ɗakin magunguna, mai ɗaukar hoton ƙashi ya tsaya ya tambaye ta abin da ya same ta. Ya ce ta naɗe hannun rigar kada ya riƙa gogar wurin. Iyakar abin da ya faru ke nan. Ƙunar ta warke, maganar kuwa ta ƙi fita daga ranta.

Da farko ta riƙa canza ranakun aikinta don kada su haɗu. Daga baya ta kama kanta tana canza su don su haɗu. Ranar da ta manta raka'ar da take a sallar azahar saboda ta jiyo muryarsa a baranda, ta tsorata. Ta san addini bai ɗaure ta da mijin da ya daina kallonta, ya daina taɓa ta ba. Addinin ya ba ta damar neman rabuwa, kuma gara ta nema tun tana da tsabtarta.

Da aka tashi daga aiki ta wuce gidan mahaifiyarta, tana maimaita abin da za ta faɗa. A falo ta tarar da ƙanwarta Auta zaune a ƙasa, ido a kumbure, akwati a gefenta. Ta baro gidan miji. Umma ta ce dama ita ake jira.

Auta ta ce mijin ba ya dukanta, ba ya hana ta komai, sai dai ita da kujerar falo duk ɗaya ne a wurinsa. Goggo, ƙanwar babansu, ta yi dariya ta ce ai kujerar ma sai da aka zaɓa kafin a kawo ta gida, ta gode Allah. Ta nuna yayar da baki, ta ce a duba nan, shekara da shekaru ko tarinta ba a taɓa ji ba.

"Yi mata magana, ke take ji," in ji Umma. "Ke kaɗai ce ba ki taɓa sa na sunkuyar da kai ba."

Yayar ta dubi kafet, ta dubi akwatin.

"Umma, in zaman ne yake neman jefa mace cikin saɓon Allah fa?"

Umma ta dafe ƙirji ta nemi tsari. Ta ce 'ya'yan da ta haifa ba su san wannan hanyar ba, kada ta ƙara saka wa yarinya irin wannan tunani. Babu wanda ya tambayi yayar wace mace take nufi.

Ita ta ɗauki akwatin don mayar da Auta gidan mijinta. A cikin tasi Auta ta kwantar da kai a kafaɗarta, ta ce, "Yaya, don Allah ki koya min yadda kike yi."

Yayar ta ja hannun riga ta rufe tabon. Gobe suna aiki tare da mai ɗaukar hoton, kuma ba ta canza ranar ba.