Hayaƙin Ramin Gashin Sieni

Zato zunubi ne, shi ya ci Tavita a ƙauyenmu na Samoa. Maƙwabciyarsa Sieni, gwauruwa, ta rasa aiki a masana'antar kifi, amma kowace Lahadi kafin coci hayaƙi na tashi daga raminta na gasa abinci a kan duwatsu masu zafi. Tavita ya ce ruwa ba ya tsami banza, ya fara ƙirga gwazar gonarsa.

Ran nan ya yaye ganyen ayabar da ke rufe da ramin a gaban fasto. Duwatsu ne zalla.

"Maƙwabci, ɗauki ɗaya da zafinsa," in ji Sieni. "Hura wuta nawa ne, abin gasawa na Ubangiji."

Dattawa suka ci Tavita tara, aka kai mata: alade biyu, kifin gwangwani katan uku, gwaza kwando goma.