Garkuwar Zulkifilu

Da na leƙo, Zulkifilu na kwance a bakin zaurensa, rabin jikinsa a rana, hularsa ta gangara cikin kwata. Maza sun yi cirko-cirko, kowa ya goya hannu a baya. Matarsa Mukarrama ce ke ƙoƙarin jan shi ciki ita kaɗai.

"Muhsin, kawo mashin ɗinka," na ce wa ɗan acaɓan layinmu.

"Baba Dalhatu, mai ya ƙare."

"Yanzu ka sauke buhun masara a gabana. Ƙarya da hantsi, ko kunya babu?"

Ya sunkuyar da kai, amma bai motsa ba.

Zulkifilu maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu a nan Makarfi. Mazarƙwaila yake dafawa a wata gonar rake ta hanyar Gazara. Bara wani zazzaɓi ya shiga wurin aikinsu ya kashe mutum uku. Shi ma ya kwanta, amma ya tashi. Saboda haka wasu masu binciken cututtuka suka riƙa zuwa da farar mota suna ɗiban jininsa. Wata rana shugabarsu, Dakta Lubna, ta ce a gaban jama'a garkuwar jikinsa suke nazari. Kalmar garkuwa kaɗai unguwa ta ji, kuma kowa ya san cutar da rediyo ke kira mai karya garkuwar jiki. Mata suka daina sayen mazarƙwailarsa. A masallaci aka riƙa barin gurbi tsakaninsa da na kusa da shi. Daga baya farar motar ta ɗauke ƙafa, babu wanda ya dawo ya warware zancen.

Ni ban shiga aji ba, amma ina sauraro kuma ina tambaya. Na juya na dubi mazan.

"Ko da ita ce, ba a ɗaukarta don an taɓa mutum. Gulma kuka iya. Haƙƙin maƙwabci kuwa, sai an tambaye ku a kabari."

Na tallabo shi muka shigar da shi inuwar zaure. Jikinsa kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Ya yi amai a hannun rigata, na goge masa baki da tafina.

"Malam Dalhatu," ya ce a hankali, "yau ma wa'azin ne? Ka bari in mutu tukuna."

"Rufe bakinka. Asibiti za mu je."

"Kira Dakta. Ta faɗa musu da bakinta. 'Ya'yana za su zauna a unguwar nan."

Mukarrama ta lalubo lambar Dakta Lubna a wayarsa. Na buɗe muryar wayar, na tsaya a ƙofar zaure don kowa ya ji. Bayan gaisuwa na ce, "'Yata, ni ban iya kwana-kwana ba. Zulkifilu yana da cutar nan mai karya garkuwa ko ba shi da ita?"

"Subhanallahi. Baba, wa ya ce haka? Mun gwada shi tun farko, ba shi da ita. Ƙarfin garkuwarsa ne ya kawo mu. Muna so mu san abin da ya sa shi ya tashi."

Na ga hankalin mutane ya kwanta. Bobbo mai shago ya ce, "Ai ni dama ban yarda ba." Muhsin ya taka mashin ɗinsa, ya tashi lafiya lau.

"To me ya hana ku dawowa?" na ce.

"Masu ba da kuɗin aikin sun janye. Jininsa na nan cikin sanyi, ba mu ƙarasa dubawa ba. Me ke damunsa yanzu?"

Na faɗa mata zazzaɓi da amai. Ta tambaya ko akwai jini. Na dubi tafina. Akwai.

Da na faɗa mata, nan take muryarta ta canza.

"Baba, kada kowa ya taɓa shi. Kada a ɗora shi a mashin. Zan kira jami'an lafiya yanzu."

"Zazzaɓin bara ne ya dawo?"

"Ban sani ba. Abin da muke neman sani ke nan aka tsayar da mu."

Muhsin ya kashe mashin. Mutanen da suka matso suka ja baya har gindin katangar makarantar Islamiyya. Wannan karon ban zage su ba. Na tsaya da hannuna a ware, nesa da jikina.

Na koma zaure na tsuguna. Zulkifilu ya buɗe ido.

"Sun ji?"

"Sun ji. Har Bobbo."

"Alhamdu lillahi."

Ban faɗa masa sauran ba. Mukarrama ta ji komai, amma ta ɗora kansa a cinyarta. Na ce ta sauke, ta dube ni kawai. Na riƙa laƙƙana masa kalmar shahada yana bina, har leɓensa ya daina motsi. Ana kiran azahar ya cika.

Jami'an lafiya sun iso da safar hannu da fararen riguna. Su suka shirya gawar. Muka sallace shi daga nesa, sahu ya cika har titi. Suka ƙona rigata da tabarmar zauren, suka ce ni da Mukarrama kowa ya killace kansa sai sun dawo da sakamako.

Yanzu a ɗakin ajiyar hatsi nake kwana. Ina yawan taɓa goshina. Da yamma Uwaliya, matata, takan ajiye tuwo a bakin ƙofa, ta tura shi da ƙota, ta koma gindin rijiya ta zauna tana kallona har in cinye. Ta bayan katanga ina jin Mukarrama tana tsintar shinkafa, tana ce wa yaranta su tsaya daga can.