Rabin Hular Loisl

In ka shiga gidan giyar Resi a ƙauyenmu na yankin Tirol mai duwatsu da ƙanƙara, za ka ga rabin hular ulu a maƙale a bango, kusa da hoton Alois Pirchmoser, wanda kowa ke kira Loisl. Hoton na zamanin da yake zakaran duniya a tsallen ƙanƙara ne. Hular kuwa ta ranar da ya daina.

Loisl ya iya tsalle, wannan ko maƙiyinsa bai musa ba. In ya gangaro daga ƙololuwar tudu ya tashi sama, dogayen katakan sulu biyu da ke ɗaure a ƙafafunsa haɗe suke tsaf, ko takarda ba ta ratsa tsakaninsu. Alƙalai su ba shi maki cike, mu kuma mu kaɗa ƙararrawar shanu har kunne ya toshe, mu koma gida muna hura hanci kamar mu muka yi tsallen. Yawancinmu ko shingen lambu ba ma iya tsallakewa.

Sai wani salo ya ɓullo daga Sweden. Samari suka fara ware bakin katakansu a iska kamar almakashi. Muni kam akwai, amma iska na tallafar su ta kai su inda Loisl bai taɓa sauka ba. Da farko alƙalai suna rage musu maki. Daga baya alƙalan suka gaji.

"Kwaɗi ne," in ji Loisl a teburinsa na gidan giya, yana juya kofi. "Tsuntsu na tashi, kwaɗo na talewa. Ranar da kuka ga na ware ƙafa a sama, ku kawo hular nan in cinye."

"Da romo ko haka nan, Zakara?" Resi ta tambaya tana goge tebur.

Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

Da sanyi ya kama, Raffl, kocin ƙasa, ya kira shi gefe. Gurbi ɗaya ya rage a tawagar da za ta gasar sabuwar shekara a Innsbruck, kuma su biyu ke nema: Loisl da wani Kilian Rauth, ɗan mai gidan burodi, wanda duk tarihinsa bai cika bayan katin wasiƙa ba. Za a gwada su a tudun ƙauyenmu.

"Ka ware ko ka zauna a gida, Loisl."

"Koci, ni kake gaya wa? Lokacin da na ɗauko zinare, yaron nan uwarsa ke share masa majina."

"Ai shi ya sa. Shi ya girma, kai ka tsufa."

Loisl ya tofa yawu a ƙanƙara ya tafi. Innsbruck kuwa ba ta bar ransa ba. Tun yana saurayi ba a taɓa gasar nan babu shi ba, kuma bai san yadda mutum ke kallonta daga kan kujera ba.

Don haka ya fara tashi da sassafe, ya sa rigar sanyin ƙanin matarsa, ya tuƙa mota zuwa kwarin da ke bayan dutse, inda akwai ƙaramin tudun da 'yan firamare ke koyo. Can zakaran duniya yake talewa a ɓoye, yana faɗuwa, yana zagin Sweden da duk wanda ke cikinta. Ƙafar hagu ta fara jin magana. Ta dama, wadda ya fi ji da ita, ta ƙi.

Matarsa Traudl tana shafa masa man zafi a ƙugu ta ce, "Wannan tsuntsun naka yawan faɗuwa gare shi."

"Santsi ne a ƙofar gareji."

"To. Garejin da ke bayan dutse ko?"

Ranar gwaji ƙauye ya fito kaf. Kilian ya fara. Ya tale kamar kazar da aka fige, ya je can ƙasa ya sauka. Muka yi masa shiru na raini, don mu mutane ne masu aƙida. Mun ma zo da ƙyalle, fari, dogo, matan coci suka ɗinka, an rubuta: LOISL BA YA TALEWA.

Daga kan sandar da yake zaune a ƙololuwar tudu yana jiran a ba shi alamar gangarowa, Loisl ya hango ƙyallen. Ya hango Raffl ma, da 'yar tutarsa a ɗage. Ya raina su duka: kocin da bai taɓa cin komai ba sai albashi, da taron masu tumbi da ke koya masa mutunci. Tuta ta sauka, ya saki sanda.

Abin da ya faru a sama, kowa ya gani. Ƙafar hagu ta bi umarnin koci ta ware. Ta dama ta tsaya kan maganar ƙauye, miƙe sak. Iska ta rasa wa za ta tallafa, ta juya shi gefe kamar ƙofar da ta rasa ƙusa ɗaya. Ya sauko tun tudu bai gama gangara ba. Amma saukar fa, a gaya gaskiya, ta yi kyau: gwiwa a lanƙwashe, ƙafa ɗaya gaba, hannuwa a shimfiɗe, kamar mai gaida sarki bayan an kore shi daga fada.

Ƙararrawa ɗaya ta kaɗa, mai ita ya ji kunya ya riƙe harshenta.

Raffl ya wuce shi. Kafaɗar Kilian ya dafa.

Da yamma Loisl ya shigo gidan giya, don rashin zuwan ya fi zuwan ciwo. Ya ce iska ce. Teburinmu ya rabu biyu, wasu na cewa ya tale, wasu na rantsuwa bai tale ba, har muka kusa dambe a kan ƙafar wani. Traudl ce ta raba gardamar. Ta cire hular daga kansa, ta karɓi almakashi a hannun Resi.

"Rabi ya ware," ta ce. "Rabi zai ci."

Resi ta kawo rabin a faranti, da romo. Ɗayan ta kafe a bango. Bai ci ba, ba shakka. Cokali kawai ya riƙe yana kallon faranti har romon ya huce.

Gasar Innsbruck a teburin nan ya kalle ta, a talabijin ɗin Resi. Da Kilian ya tashi sama, Loisl ya kurɓi giya ya ce, "Ji banza. Ko warewar ma bai iya da kyau ba."