Rabin Inuwa

Daren jiya mafarki ya ɗauke ni ya kai ni wani gari, kuma har yanzu idan na tuna sai in ji ƙirjina ya buɗe. Amma bari in fara faɗin ko ni wane ne. Sunana Ilu, mahauci ne ni, kuma a unguwarmu in dai za a yi watanda, wato a haɗu a sayi sa a yanka a raba, hannuna ake nema. Ba cika baki ba, ban taɓa kasa nama wani ya koma gida yana ƙunƙuni ba.

Ina da 'ya mai aiki a wani kamfanin casar shinkafa, a kan inji. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka tun ranar suna bakina bai taɓa furta shi ba, Ummi muke ce mata. Jiya bayan isha'i ta gaya mini ta gano cewa Hashimu, wanda suke kan inji ɗaya, su shiga tare su tashi tare, ya fi ta albashi, kuma da safe za ta je ta sami manaja. Na ce ta bi a hankali, aiki ya yi wuya, manajoji kuma ba sa son mai baki. Ta ce to. Na san irin wannan "to" ɗin, wajen kakarta ta gado shi. Haka na kwanta ina tsoron kada a kore ta.

Sai ga ni tsaye a tsakiyar wani titi, ana ruwa. Ruwan daga ƙasa yake fitowa yana tafiya sama, don haka hulata a bushe take, wandona kuwa ya jiƙe sharkaf. Mutane suna wucewa da lema a ƙarƙashin ƙafafunsu, babu wanda abin ya dama. Rana tana tsaka, ba ta motsi. Na duba gindin wata katuwar tsamiya don in fake, sai na ga ba ta da inuwa ko ta tsinke. Wata tsohuwa tana zaune a wurin tana tuyar ƙosai, kaskonta a kife, ƙosan yana soyuwa daga ƙasa. Rabin jikinta yana cikin sanyi, ɗaya rabin rana ta gasa shi.

Na gaishe ta, na tambaye ta ina inuwar garin nan ta tafi.

"Tana ofis," in ji ta. "Sai ranar albashi."

Ta ƙara da cewa su mata rabi ake ba su, shi ya sa duk matar da na gani a garin a karkace take tafiya, tana sauya ɓangaren da zai ƙone. Ta faɗa kamar mai ba da labarin farashin manja, ta ci gaba da tuyarta.

Ina ɗaga kai sai na gan ni a ƙofar ofishin. Mai gadi wani ɗan akuya ne da hular kaki. Ya sunsuna rigata, ya sake sunsunawa, ya dube ni ta gefen ido ya tambayi sana'ata. Nan na leƙa ciki na ga abin da ke akwai: kowane tebur akuya ce a kai, wasu suna buga hatimi, wasu suna amsa waya. Ni da na yi rayuwata ina ɗaure ƙafafun danginsu. Na ce masa harawa nake sayarwa. Ya ƙame ya sara mini, har ya roƙe ni in tuna da shi idan sabuwa ta shigo.

A bayan ofishin akwai fili inda ake aiki. Aikin garin duka shi ne kamun ruwa. Mutum biyu za su riƙe babban daro a kife, ruwan da ke tashi ya taru a ciki, in ya cika su ruga da shi su juye a rijiya, a yi maza a rufe kafin ya gudu. A can na hango Ummi da takalman robanta na kamfani, ta riƙe kunnen daro ɗaya, Hashimu ya riƙe ɗayan. In ya yi gudu ta yi gudu. In ya tsaya shan iska ita ce ke tallafe daron da gwiwa. Na so in gaya wa wani cewa waccan 'yata ce, amma duk wanda ke kusa da ni ƙaho gare shi, sai na haɗiye.

Aka kaɗa ƙararrawa, kowa ya shiga layi. Mai biyan albashi wata akuya ce da tabarau. A gabanta akwai inuwa naɗe kamar bandir ɗin yadi, da almakashi. Namiji ya zo, ta warware ta yanka masa daga kai har ƙafa. Mace ta zo, ta yanka daidai wannan, sannan ta ninka ta raba biyu, ta miƙa rabi, ta jefa rabi a bayanta. Hashimu ya karɓi tasa ya yafa, abin da ya yi saura ya lulluɓa wa babur ɗinsa.

Da layi ya zo kan Ummi, ta dubi rabin da aka miƙo mata, ba ta sa hannu ba. Ta juya ta nufi ɗakin Darakta. Na bi ta ina cewa ta tsaya, ta yi haƙuri, rabi ma ai wani abu ne. Na kai hannu zan kama gefen mayafinta, sai na ji ruwa kawai na damƙa.

Darakta wani ƙaton bunsuru ne, warinsa ya riga shi cika ɗakin. Yana kan kujera mai juyawa yana shan shayi, kofin a kife, ya tura baki ta ƙasa. Ummi ta gaishe shi da ladabi, don ba a gidana aka koyi rashin kunya ba, sannan ta ce daro ɗaya suke riƙewa da Hashimu, tana so ta san abin da ya sa inuwarsu ta bambanta.

Ya ce namiji yana da iyali. Ta ce Hashimu ko budurwa ba shi da ita, babur yake lulluɓewa. Ya ce to ai mace aure za ta yi, mijinta ya sam mata tasa. Ta ce ranar da ke dukanta yau ba ta jiran ɗaurin aure. Ya ɗan yi tuƙa, sannan ya ce inuwa da gemu ake auna ta. Ummi ta waiwaya ta dubi mai biyan albashi, wadda ta leƙo ta taga da gemunta har ƙirji, rabin bayanta yana hayaƙi. Mai biyan ta sunkuyar da kai ta koma.

"Babu doka a kan wannan, ranka ya daɗe?" in ji Ummi.

"An taɓa kawo mana ita a rubuce," in ji Darakta. "Ta yi daɗi ƙwarai."

Ya lashe baki. Sannan ya gaya mata cewa a nan mai ofis shi ke ba da abin da ya ga dama, in ba ta so ga ƙofa nan, akwai masu jiran daronta. Abin da na kwanta ina tsoro ke nan.

Ummi ta juya ta fita. Sai na ga mun koma fili. Ta je ta kama kunnen daronta, ta jira ya cika, sannan ta sake shi. Daro ba ya riƙuwa da hannun mutum ɗaya. Ya karkace, ruwan ya kwashe ya yi sama. Matar da ke kusa da ita ta duba, ita ma ta saki nata. Haka aka yi ta sakewa har ƙarshen fili, maza suka tsaya kowa da daro yana reto a hannunsa. Murfin rijiya ya ɗaga, ruwan ciki ya miƙe ya tafi kamar igiya. A ofis tawadar hatimi ta bi shi. Shayin Darakta ya zame daga kofi ya fita ta taga, shi kuma ya biyo shi da gudu har tsakar fili, yana tsalle yana kai baki.

Da ya gaji ya tsaya yana haki, ya ce a yi magana. Amma ya rantse ba laifinsa ba ne, almakashin ne ya saba, da ya ga mace sai ya raba biyu da kansa.

"To kada ya ga kowa," in ji Ummi. "A fara yankawa a ajiye kashi-kashi a ƙasa. Mutum ɗaya ya juya baya. A nuna kashi a tambaye shi na wane ne, ya kira suna bai gani ba. Abin da ya faɗo wa mutum shi ne nasa."

Wannan ai rabon watandata ne, tun tana ƙarama take tsugunawa a gefe tana kallo, ni kuwa na ɗauka hanta take jira.

Darakta ya ce wannan mai sauƙi ne. Aka yanka kamar kullum, aka jera a ƙasa, ga cikakku ga rabi-rabi. Sai na ga maza sun fara leƙe suna gyaran murya. Hashimu ya zagaya kasun, ya dawo, ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, idan rabin ya faɗo kaina fa?"

Wani a baya ya ce shi fatarsa ba ta son rana. Wani ya ce shi likita ya hana shi. Kafin ka ce kwabo, mazan nan da ba su taɓa ganin aibun almakashi ba sun kewaye mai biyan albashi suna cewa a tsaya, a haɗa, a yanka daidai, wannan ai zalunci ne. Aka kwaso tarin da ta daɗe tana jefawa a bayanta, aka haɗa, aka yanka kowane kashi kai da kai. Almakashin bai yi gardama ba.

Darakta ya dubi Ummi ya tambaye ta inda ta koyi wannan rabo.

"Wajen babana," in ji ta. "Mahauci ne. Ga shi can."

Filin ya yi tsit, har ruwa ya tsaya a iska. Akwai 'ya'yan da in sun yi boko sukan ce ubansu ɗan kasuwa ne, su bar maganar nan. Tawa ta faɗa a gaban awaki, kanta a ɗage, da yatsa tana nuna ni. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba, amma daɗin da na ji ya fi tsoron nauyi. Mai gadi ya dube ni kamar zai yi kuka saboda harawarsa. Na gyara hula na fito gaba na ce ƙwarai, ni ne Ilu mahauci, kuma wannan 'yata ce.

Darakta ya yi tuƙa mai tsawo. Sannan ya ce a al'adar ofis, wanda ya kawo tsari shi ke fara aiki da shi, don haka ni zan juya baya.

Duk mahaucin da ya san aikinsa ba ya ba bunsuru ɗaya baya, balle gari guda. Na dubi Ummi, rabin fuskarta yana cikin rana. Na juya.

Ina jin numfashinsu a ƙeyata. Mai biyan albashi ta ce wannan na wane ne, na ce na Hashimu. Ta sake tambaya, na kira wani. Sunaye suna zuwa bakina kamar ni na haife su, har da tsohuwa mai ƙosai, wadda na ji ta ce alhamdu lillahi ta miƙe tsaye sosai, ƙashin bayanta yana ƙara. Da aka zo na ƙarshe na ce na Ummi ne.

"Babu mai wannan suna a ma'aikatanmu," in ji Darakta daga bayana. "In babu suna, kashi ya koma ofis."

Sunanta na yanka suke nema. Sunan uwata ne, ban taɓa kiransa ba ko a cikin zuciya sai na ji kunya. Na ji ƙarar kofato ana matsowa, ana shirin naɗe inuwar. Na nemi afuwar mahaifiyata a raina, na buɗe murya yadda nake yi a kasuwa.

"Na Suwaiba Ilu Mahauci ne, kuma cikakke."

Ban waiwaya ba, amma na ji sanyin inuwar ya sauka, har gefenta ya taɓa dugadugaina. Sai awaki suka fara buga kofato a ƙasa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ban sani ba ko tafi suke yi ko tahowa suke.

Na buɗe ido. Gari ya waye, ƙarar kuma tana nan. Ummi ce a tsakar gida take buga takalman robanta a jikin bango tana kakkaɓe busasshen laka. Na fito ko hula ban sa ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce za ta wuce, tana satar kallona, da alama jira take in sake cewa ta bi a hankali.

Na ce idan manaja ya tambaye ta 'yar wane ce, ta gaya masa har da sana'ar. Na ce kuma kada ta karɓi rabi.

Ta zura ƙafa a takalmi, ta ɗago ta dube ni.

"Baba, da ma ban yi niyyar karɓa ba."