Birkin da Ke Cikin Jinin Yaya

A ɗakin bincike ana cewa ƙwayoyin halitta sun fi mutane jin muryarta. Masu shara na kiranta Uwar Kwalabe. Yayanta bakanike kuwa, kowa ya kawo mota gareji sai ya ji cewa autarsu ce za ta ga bayan ciwon daji.

Aikinta duk a kan sinadari ɗaya da ke cikin jinin mutum ya ƙare. A jiki akwai ɗan aike da ke umartar ƙwayoyi su hayayyafa, nata sinadarin kuma shi ke cafke ɗan aiken ya riƙe. In ta ɗiga shi a farantan gwaji, sai ƙwayoyin daji su lafa.

Da aka ga ƙari a hanjin Yaya, da kanta ta ɗebi jininsa ta auna. Sinadarin ya yi yawa. Ta yi masa bayani tana murmushi.

"Wato birki ke nan," in ji shi.

"Kusan haka."

"To nawa birkin na ci. Likita ya ajiye wuƙarsa tukuna, sai na sallami motocin mutane."

Ba ta ce ya jira ba, ba ta kuma hana shi ba.

Yana can ƙarƙashin motoci aka kawo mata wasu ƙwayoyin, irin na ciwonsa. Ta ɗiga musu sinadarin. Maimakon su lafa, sai suka bazu har bakin faranti. Ta sake, ta kuma sakewa. A wannan irin, ashe ba riƙe ɗan aiken yake yi ba, rakiya yake yi masa har ƙofa.

Ta kira Yaya a waya ta ce kada ya ƙara jira, aka shiga da shi tiyata. Likita ya buɗe, ya ga abin ya kai hanta, ya mayar ya ɗinke.

Da ta je dubiya, matarsa na yi masa fifita. Faratansa sun yi fari tas, babu baƙin mai.

"Auta, kin ga an mai da ni ɗan gayu," ya ce. "Ya birkin namu? Kin sake aunawa?"

"Na auna. Ya ƙaru."

"Alhamdu lillahi! Kin ji ko, uwargida?"

Matar ta zuba wa Auta ido. Ita kuma ta jawo kujera, ta zauna dab da kansa.

"Yaya, ba birki ba ne. A faranti na gani, na ɗora maka, ka jira saboda ni. Ka yafe mini."