Rufin Ɗakin Baba

Ƙanƙarar ta sauko ne da la'asar, daidai lokacin da Anti Tela ke ba mahaifinta magani. Da farko iska ce da ɗan yayyafi, sai kuma aka ji kamar an juye tifar tsakuwa a kan kwano. Kafin ta ajiye kofin hannunta, ruwa ya fara ɗiga daga silin a saitin ƙafar gado, daga ɗiga ya koma zuba. Ta tattara iya ƙarfinta ta ja gadon zuwa kusurwa, Baba na kwance a kai yana kallon sama. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, maganarsa ta koma kalma ɗaya-ɗaya, ita ma sai wanda ya saba da shi ke ganewa.

"Kwano," ya ce.

"Na ji, Baba. Yanzu za ta wuce."

Da abin ya lafa ta fito tsakar gida. Ƙasa ta yi fari fat, wasu ƙanƙarar sun kai girman ƙwan kaza. Kwanon roba mai shigo da haske da ke saman ɗakin ɗinkinta ya tarwatse, ruwa ya jiƙe keken ɗinki da yadukan mutane. Ta tsaya tana kallo. A garin nan da wuya damina ta fita ba a yi irin wannan ba, kuma kowace shekara ita ce mai jera bokitai, ita ce mai kiran kafinta ya liƙe huda, ita ce mai ba masu kaya haƙuri.

Su uku Baba ya haifa. Yaya, babbansu, yana aiki a wani gari mai nisa, zuwansa gida yawanci ta waya ne. Auta tana aure a ɗaya gefen gari, yara sun sha mata kai. Ita ta tsakiya, da mijinta ya rasu, 'yarta tilo kuma ta yi aure, sai ta dawo ta kafa kekenta a ɗakin bakin ƙofa don ta riƙa leƙa Baba. Leƙawar ce ta rikiɗe ta zama wanka da juyi da wanki da tashin asuba.

Washegari kafinta ya jingina tsani ya hau. Ya daɗe a sama, tana jin takunsa a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai. Da ya sauko, sai ya miƙo mata guntun katako, ya matse shi a gabanta, ya ruguje kamar busasshen burodi.

"Anti, bana kam ba zan liƙe ba. In na liƙe na cuce ki. Tsatsa ta cinye kwanon ya koma takarda, gara ta gama da katakon. Saman ɗakin Baba ya zama rariya."

"To, me za a yi?"

"A yaye shi gaba ɗaya. Kuma ki zaɓi abin da zai iya da garin nan, kada mu sake haɗuwa a kan wannan maganar baɗi."

Ta waiga wajen tagar Baba. Ta san ya ji. Shi da abokansa ne suka buga rufin nan da hannunsu tun Auta tana ciki, kuma lokacin da yake da baki babu baƙon da ya taɓa zama a gidan bai sha labarin ba.

Da ta kira Yaya, bai bari ta kai ƙarshe ba.

"A zuba siminti kawai, a yi rufin kankare irin na bene. Wace ƙanƙara ce za ta fasa siminti? Ni ban san me ya sa kuke wahalar da abu mai sauƙi ba."

"Yaya, kafinta ya ce bangon tsoho ne, ba zai ɗauki nauyin ba. Sai dai a rushe gidan."

"Su kafintoci ai haka suke faɗa don kada aikin ya kuɓuce musu. Ina cikin taro, zan kira ki."

Bai kira ba, amma ya turo nasa kason na kuɗin aikin, ta yi masa godiya a saƙo. Auta kuwa hotuna ta yi ta turowa, gidaje masu jan tayil na yumɓu kamar a kalanda. "Anti, dubi wannan don Allah! Gidanmu zai fita daban a layin." Anti Tela ta duba, ta kife wayar a kan keke, ta tafi juya Baba.

Ranar da za ta kasuwar kayan gini, ta roƙi maƙwabciya ta zauna da shi. Layin masu kwano zafi ne da ƙarar yankan ƙarfe, kowane shago da mai kira, kowa nasa ne ba ya tsatsa, ba ya yoyo, ba ya tsufa. Ta shiga nan ta fita can har kanta ya ɗau zafi. A ƙarshe ta faɗa wani shago don kawai ta ga benci. Mai shagon, wani mai ƙiba da tawul a wuya, ya fara jero mata samfura a kan tebur: alminiyam mai sheƙi, tayil na yumɓu, farin kwano mai kauri, da wani mai nauyi da aka lulluɓe bayansa da ƙananan tsakuwa.

"Duk masu kyau ne, Hajiya."

"Kowa haka ya ce min tun safe. Ba ni gudumar can."

Ya yi dariya ya miƙo, a zatonsa wasa take. Ta ɗaga ta sauke a kan alminiyam ɗin, ya lotsa har ya naɗe baki. Ta sauke a kan tayil, ya rabe gida biyu.

"Kai, Hajiya! Kayana!"

"Zan biya. Gara ya fashe a teburinka da ya fashe a kan mahaifina."

Farin kwanon mai kauri ya yi ɗan kumatu, bai huje ba. Mai tsakuwar kuwa ƙara ma bai yi sosai ba, 'yan ƙwayoyi kawai suka zube. Mai shagon ya goge wuya, ya ja kujera ya zauna. Muryarsa ta talla ta tafi.

"Tunda haka ne bari in gaya miki. Babu rufin da ƙanƙara ke jin tsoro. Akwai wanda take fasawa, akwai wanda take lotsawa ta wuce. Ki nemi mai lotsawa. Alminiyam ba ya tsatsa, amma in siriri ne yagewa yake. Na roba kada ki ma kalle shi. Mai tsakuwar nan yana shanye duka, amma sai da katako mai ƙarfi a ƙarƙashinsa, kuma a ɗaure shi da noti, ba ƙusa ba. In mai aikin ya yi ha'inci, kin yi asarar banza."

Ta zauna tana kallon gutsattsarin tayil. Ba ta jin daɗin ta gano gaskiya, ƙafafunta kawai take ji suna zugi. Ta zaɓi mai tsakuwa don ɗakin Baba da falo, farin mai kauri don kicin da ɗakin ɗinki. Launi ɗaya ya rage a sito, ruwan toka mai duhu.

"Ruwan toka?" in ji Auta a waya. "Haba Anti, kamar gidan yari!"

"In kin zo ki shafa masa jan baki."

Abin da ta fi tsoro shi ne ranar yaye rufin. Da safe ta shirya Baba, ta turo kekensa na marasa lafiya bakin gado don ta mayar da shi ɗakin ɗinki. Sai ya kama ƙarfen gadon da hannunsa mai lafiya ya riƙe gam. Ta lallaɓa, ya ƙi. Kafinta da mutanensa suna tsaye a waje da kayan aiki, rana tana yi.

Ta durƙusa a gabansa. "Baba, na san kai ka buga shi. Ya yi mana aiki, ya rufa mana asiri, mu duka a ƙarƙashinsa muka girma. Amma wallahi na gaji da jan gadon nan. Bayana ba zai ƙara iyawa ba."

Ya daɗe yana kallonta, hawaye na gangarowa ta gefen da ya shanye. Ba ta taɓa ce masa ta gaji ba.

"Uwata," ya ce. Haka yake kiranta tun tana ƙarama. Ya saki ƙarfen, ya nuna ƙofa da haɓa. "Waje."

Ba ɗakin ɗinki yake so ba, tsakar gida yake so. Ta ajiye shi a inuwar katanga, ta rufa masa zane a ƙafa. A nan ya wuni yana kallon tsofaffin kwanukan suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, jajaye da tsatsa, rana na ratsa hudojinsu. Da aka fara ɗora sabon katako sai ya shiga ɗaga hannu yana gurnani. Kafinta ya leƙo daga sama.

"Baba, a ƙara masa tsayi ne?"

Baba ya gyaɗa kai da ƙarfi.

"Nima abin da nake tunani ke nan. In ya yi gangara sosai, ƙanƙara goga za ta yi ta zame, ba za ta same shi a kwance ba. An gama, ranka ya daɗe."

Tun daga ranar Baba ya zama shugaban aiki. Ita kuwa aikin ya ja ta a ƙasa. Abin da aka ce kwana kaɗan ne ya miƙe, yau noti ya ƙare, gobe wani ma'aikaci bai zo ba. Kullum da yamma hadari zai haɗo, a yi ta gudun jan tamfol, wani lokaci ya zuba, wani lokaci ya watse bayan ya gama tsorata su. Ƙura ta sa Baba tari. Masu ɗinki suna zuwa suna komawa da fushi. Ta rame, idanunta suka faɗa, har ta kai tana ɗinka hannun riga a baibai ba ta sani ba.

Yaya ya iso ne bayan an sauke tsani an share gida, da ƙaramar jaka da ledar lemo. Ya gaida Baba, ya zagaya yana kallon sama, hannu a baya.

"Ba laifi. Amma da kun ji maganata da yanzu an huta har abada. Kuma wannan launi, wa ya zaɓa? Sannan na ga rufin kicin daban, na ɗaki daban. Ai da an kira ni."

Ta juya. Ta shiga ciki, ta fito da kwandon magunguna ta ajiye a gabansa.

"Yaya, hutun kwana nawa ka ɗauka?"

"Zuwa ƙarshen mako. Me ya faru?"

"Zo ka gani."

Ta kai shi bakin gado. Ta nuna masa inda zai sa hannu a ƙarƙashin kafaɗa, yadda zai tokare gwiwa da gado kada bayansa ya amsa, yadda ake sa matashi tsakanin ƙafafu. Ta nuna masa farin magani na safe, ja na bayan abinci, da man da ake shafawa a ƙugu don kada fata ta salluɓe. Ya gwada juyin, ya yi nishi, hularsa ta faɗi. Baba ya yi wata 'yar ƙara da ta yi kama da dariya.

Ta ɗauko mayafinta. Yaya ya ɗago. "Ke, wai ina za ki?"

"Wurin 'yata. Ta kusa haihuwa, ban je na ga cikin ba ko sau ɗaya."

"Amma ni ban iya..."

"Nima ban iya ba da na fara. In ya ce wani abu ba ka gane ba, ka tambaye shi, zai maimaita. Yana da haƙuri."

Yaya ya dubi mahaifinsu, ya dube ta. A karon farko tun isowarsa ya kalli fuskarta da kyau, sai ya sunkuya ya ɗauki hularsa.

"Je ki," ya ce a hankali. "Ki gaishe ta."

Ta durƙusa ta yi wa Baba sallama, ya ɗora hannu a kanta. Ta zuba kaya kala biyu a jaka, ta rufe keke da zane, ta fita ba ta ko ɗaga kai ta kalli rufin ba.

A mota ta samu kujerar taga. Ta yi niyyar kiran 'yarta ta ce ga ta nan tafe, wayar ma tana hannunta. Kafin a fita daga layin masu kayan gini kanta ya jingina da gilashi. Kwandasta ya kira unguwar da za ta sauka har ya gaji, matar da ke kusa da ita ta ce ya ƙyale ta, baiwar Allah ce da gajiya. Sai a tasha ta ƙarshe aka taɓa kafaɗarta. Ta farka, ta dubi wurin da ba ta sani ba, ta tambayi inda ake hawa motar komawa unguwar 'yarta, ta saɓa jakarta ta tsallaka titi.