Direban Da Bai Iya Tuƙi Ba

Saƙon ya shigo wayar Zainulabideen ranar Alhamis da la'asar: Malesiya ta amince masa da bizar masu aiki daga nesa. Bai yi mamaki ba. Ya san aikinsa, kuma kamfanin da yake rubuta wa manhajojin waya ba ruwansa da inda ya ajiye kwamfutarsa muddin aiki yana zuwa a kan lokaci. Abu ɗaya ya rage masa, wanda babu ofishin da ke bayarwa, wato yardar mahaifinsa.

A Madina aka haifi Zainu, a unguwar Ƙuba ya girma, amma haihuwa ba ta mai da ɗan baƙo ɗan ƙasa. Da ya wuce shekarun da ɗa ke zama ƙarƙashin iƙamar ubansa, wato takardar izinin zaman baƙo, sai ya zama dole ya sami kafil, mutumin da zai tsaya masa a takarda, ko kuwa ya tattara ya koma Najeriya, ƙasar da bai sani ba sai a hira. Mahaifinsa, Malam Haladu, shi ya je da ƙafarsa ya roƙi tsohon abokinsa Abdulfattah, ɗan ƙasa wanda kakanninsa suka zo daga Haɗeja a ƙasa. Abdulfattah ya amsa. Gurbin da yake da shi na direban gida ne, don haka katin iƙamar Zainu ya fito da sana'ar direba. Zainu kuwa bai taɓa zama a bayan sitiyari ba. Kowa a gidan ya san haka, kuma ba a ɗauko zancen.

Malam Haladu karatu ya kawo shi Madina yana saurayi. Ya gama, ya ƙi komawa, ya kama tsaron wani shagon littattafai har gemunsa ya yi fari. An san shi da abu guda tun daga Gumel har Maraɗi: isar da gaisuwa. Mutane kan bugo waya su ce, Malam, in ka je ziyara ka isar mana da gaisuwa wurin Manzon Allah. Ba ya karɓar komai a kan wannan, ba ya kuma ɗaukar sunayen da suka fi ƙarfin kansa. Yakan faɗi sunan mutum, da na ubansa, da sana'arsa, yadda suke. Wani ɗan kasuwa ya taɓa cewa a ce gaisuwa ce daga Alhaji wane. Malam ya tambaye shi shekarar da ya sauke farali, mutumin ya ce yana dai da niyya. Malam ya ce, "To zan ce wane ɗan wane, mai sayar da taya, mai niyya. A wurin nan ba na ƙara wa mutum komai." Ɗan kasuwar bai sake bugowa ba, kuma hakan bai dami Malam ba.

Zainu ya bari sai Asabar. Kowace Asabar su biyu sukan yi asuba a Masallacin Annabi, Malam ya sauke gaisuwar da aka ɗora masa, sannan su taka zuwa Masallacin Ƙuba. Tun da idon tsohon ya fara rauni, hannunsa na dama a kafaɗar Zainu yake yin tafiyar.

Sun yi nisa a hanyar masu tafiya a ƙafa, masu shaguna suna ɗaga ƙofofi, ƙamshin gahawa yana fitowa, sannan Zainu ya yi magana.

"Baba, bizar ta fito."

"Wace biza?"

"Wadda na gaya maka da azumi. Ta Malesiya."

"Au, ashe da gaske kake. Na ɗauka cikin wasanninka na kwamfuta ne." Malam ya yi 'yan taku. "Aikin nan naka, ba kai ka ce a ko'ina ana yin sa ba?"

"A ko'ina."

"To Madina ba ta cikin ko'ina ne?"

"Tana ciki, Baba. Amma a Madina ni direba ne."

"A kati."

"A kati. Kuma da katin nake fita, da shi nake zuwa asibiti, da shi za a tambaye ni ranar da na je neman aure. A can abin da nake yi shi za su rubuta."

Hannun tsohon ya ƙara nauyi a kafaɗarsa.

"Mutane suna sayar da gonakinsu su zo nan su yi 'yan kwanaki, su koma suna kuka. Kai an haife ka a nan. Uwarka tana kwance a maƙabartar Baƙi'a. Ka ce za ka bar wannan ka je ka zauna a kujera a wani gari? In ajali ya same ka a can fa?"

"Haba Baba, ko talatin ban kai ba."

"Shi ajalin kati yake dubawa?"

Zainu ya yi dariya, tsohon bai yi ba.

"Ban yarda ba, Zainu. Halas, magana ta ƙare."

Zainu bai roƙe shi ba. Zai iya tafiya ba da yardarsa ba, babu dokar da ta hana, amma ya riga ya yanke wa kansa cewa in tsohon ya tsaya a kan a'a, zai bar bizar ta mutu. Duk da haka hankalinsa bai tashi ba. Ya san mahaifinsa. Mutum ne da ke son abu biyu fiye da komai, gaskiya da Madina, kuma shekara da shekaru ya yi sa'a ba a taɓa sa shi ya zaɓi ɗaya ba. Katin yana aljihun ɗansa ne, ba a bakinsa ba. Zainu bai san yaushe ba, bai san ta yaya ba, amma ya tabbata ranar da maganar ta zo bakin tsohon, ba za ta wuce ba.

Sun yi raka'a biyu a Ƙuba, suka fito ta gefen da motoci ke tsayawa. Rana ta ɗaga, manyan motocin masu ziyara suna ta sauke mutane. Can Zainu ya hango wata farar mota ta tsaya a karkace a bakin hanyar da manyan motocin ke bi, ƙofarta a buɗe, wani dattijo yana zaune a dakalin gefenta ya sunkuyar da kai.

"Baba, ga Ammi Abdulfattah can. Kamar ba lafiya."

Suka ƙarasa da sauri. Abdulfattah yana da ciwon suga, ya fito bai karya ba, jiri ya kama shi yana shirin fitar da mota. Zufa ta jiƙa masa riga. Zainu ya ruga wurin wata mai sayar da dabino ya karɓo kaɗan, ya ɓare ya sa masa a baki. Direbobin manyan motoci sun fara danna oda. Wani jami'in tsaro, matashi mai ɗan gashin baki, ya iso yana ɗaga musu hannu su yi haƙuri.

"Salamat, ya ammi," in ji jami'in da Larabci, wato sannu baffa. "Kana da wanda zai tuƙa ka?"

Abdulfattah ya ɗago ido da ƙyar. Ya ga Zainu, wani abu da ya daɗe a ajiye a kansa ya faɗo masa. Ya miƙa makulli.

"Ga direbana nan."

"Alhamdu lillahi," in ji jami'in. "Yalla, ɗan'uwa, janye motar, ka kai shi asibiti."

Makullin yana tafin hannun Zainu. Ya dubi motar. Ya sha ganin yadda ake yi, feda biyu ne kawai. Sai ya dubi gabanta: wasu tsofaffin mata masu ziyara suna tsallakawa a jere, kowace ta riƙe mayafin ta gabanta, ɗaya a keken guragu. Ya tsaya inda yake.

"Me kake jira? Kawo iƙamarka."

Zainu ya ciro katin ya ba shi. Jami'in ya karanta, ya dube shi, ya sake duban katin.

"Ga shi an rubuta direba. To mene ne?" Sai ya juya ga mai farin gemu, don shi ne babba a wurin. "Ya shaihu, ka san shi? Direban mutumin nan ne ko kuwa?"

Malam Haladu bai amsa nan take ba. Amsa biyu ce kawai, kuma duka ya gan su sarai duk da raunin idonsa. In ya ce eh, ɗansa zai shiga mota da abokinsa mara lafiya, ga mata a gaba. In ya ce a'a, ya tona katin a gaban hukuma, kuma hukuncin ba kan ɗansa kaɗai zai tsaya ba, har da mutumin da ya yi musu alheri. Bakin da ake jira ya yi magana shi ne wanda ɗazu ya gama jera sunayen mutane a gaban kabarin Annabi.

"Ɗana ne," in ji shi. "Bai iya tuƙi ba. Bai taɓa iyawa ba."

Oda ta ci gaba da tashi a bayansu. Jami'in ya daɗe yana juya katin a hannunsa. Ya dubi Abdulfattah da ke tauna dabino ido a rufe, ya dubi tsohon da ya faɗi maganar bai sunkuyar da kai ba. Sannan ya kira motar asibiti a na'urarsa, ya karɓi makullin daga hannun Zainu, ya shiga ya gyara wa motar tsayuwa da kansa. Da ya dawo ya miƙa wa Zainu katin da makullin tare.

"Ko ka gyara katin nan, ko ka koyi tuƙi," ya ce a hankali. "Wanda zai tsayar da kai nan gaba ba ni ba ne."

Kafin motar asibiti ta iso, Abdulfattah ya fara dawowa hayyacinsa. Ana ɗora shi a gado ya kamo hannun Malam, ya yi magana da tsohuwar Hausarsa ta kakanni.

"Malam, kai dai ba ka canzawa. Da ka kai mu jawazat, wurin 'yan shige da fice, ni da yaro, da safen nan."

"Kai ka fara. Wa ya ce ka fito ba ka karya ba?"

"Wa ya ce ka haifi direba mara lasin?"

Ma'aikatan suka rufe ƙofa yana dariya. Zainu ya bugo wa babban ɗan Abdulfattah ya gaya masa asibitin da aka nufa da inda motar take.

Gidansu ba nisa daga masallacin. Sun bi ta gefen wata tsohuwar gonar dabino, sai Malam ya ce su zauna. Suka zauna a kan katangar da ta rushe rabi. Tsohon ya daɗe yana murza carbi ba tare da yana ja ba.

"Ka lura na yi shiru kafin in amsa masa?"

"Na lura, Baba."

"Dubawa nake ko akwai hanyar da zan ce eh." Ya girgiza kai. "Ni Haladu, a ƙofar Ƙuba, ina neman hanyar da zan ce eh."

"Amma ba ka ce ba."

"Yau ban ce ba. In ka zauna za a sake tambaya, ko ni, ko kai, ko shi bawan Allah da suka tafi da shi." Ya mai da carbin aljihu. "In ya warware sai ka je ya yi maka takardar fita. Ni zan raka ka."

Zainu ya sunkuya ya sumbaci kansa, yadda 'yan Madina ke yi wa iyayensu. Tsohon ya ture shi da gwiwar hannu.

"Dakata tukuna. Wa zai riƙe ni ranar Asabar?"

"Mijin Naja'atu," in ji Zainu, yana nufin 'yar'uwarsa. "Na riga na yi masa magana."

"Ka riga ka yi masa magana. Kafin in yarda?"

"Na san za ka yarda."

"Ji mara kunya. Kuma wannan surukin nawa, tafiya yake kamar an biyo shi."

"Zan koya masa kafin in tafi."

Malam ya miƙe, ya lalubo kafaɗar ɗansa ya ɗora hannu.

"Yaya sunan garin?"

"Kuala Lumpur."

Ya maimaita sunan sau biyu har ya zauna masa a baki.

"Za ka riƙa bugowa ranar Juma'a, kamar kowa. In ka makara kaina ya cika, sai wani mako. Babu alfarma."

"Na ji. Me za ka ce a wurin?"

"Zan ce gaisuwa daga Zainulabideen ɗan Haladu, mazaunin Kuala Lumpur, mai rubuta... me ka ce kana rubutawa?"

"Manhaja."

"To. Sai ka bayyana mini ita sosai kafin ka tafi. Ba zan je in faɗi abin da ban sani ba."

Suka kama hanyar gida. Zainu ya ciro wayarsa, ya matso da ita kusa da idon tsohon, ya fara daga farko.